Safar Lamba Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya gwiwar taka, tana dai barinka ka yi aiki? Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin tarin, ta ce in gaishe ka, in kuma ce maka hoton da ka aiko ka rame.

Wasiƙarka ta iso ta hannun direba ranar Laraba. Shafi biyu ka cika, layi uku ne namu, sauran duk na kulob. Ban yi mamaki ba, mutumin da ya ba ƙungiyar nan shekara tara na ƙuruciyarsa da gwiwa guda. Ka ce in gaya maka gaskiya, tunda a inda kake aiki rediyonmu ba ya kamawa, waya ma sai an hau tudu. To ga ta nan. Wasa goma sha ɗaya muka buga, mun ci ɗaya, canjaras uku, sauran bakwai an lakaɗa mana. Mu ne na biyun ƙarshe a teburi. Wanda muka ci ɗin ma ɗan bayansu ne ya tausaya mana ya zura wa gidansu.

Ka san shagon gyaran fanka na surukinka, maigidan nawa, bango ɗaya ya raba shi da shagon wankina. Tun da aka zaɓe shi shugaban magoya baya ya daina amsa sunansa, sai Ciyaman. Fankokin mutane na nan jibge, gizo-gizo ya yi gida a ciki, shi kuwa yana kan benci daga hantsi har la'asar yana horar da ƙungiya da baki. Majalisar tasu ta rabu biyu. Ɓangarensa sun ce laifin koci ne, dattijon nan da suke kira Baba Agogo saboda yawan duba hannu. Wai ya tsufa, wai tsarinsa na da ne, wai ba ya ihu a bakin fili. Ɗaya ɓangaren, ƙarƙashin Mai Faci, sun ce 'yan wasan ne matattu, a sallame su duka a ɗebo sababbi.

Yaya, da ka ga masu maganar. Surukinka in ya sunkuya zai ɗaura takalmi sai ya huta sau biyu. Mai Faci ko akuya ya kora daga bakin shago sai ya nemi ruwa. Su ne ke bayanin yadda ake gudun minti casa'in. Jiya murafen kwalba suka jera a ƙasa, wannan ya ce huɗu-huɗu-biyu, wancan ya ce huɗu-uku-uku, har aka kusa dambe a kan wani murfi da aka ce shi ne ɗan tsakiya. Na fito da ruwan kumfa na watsa ta wajen, tsarin wasan ya bi kwata.

Ba wanda ya taɓa tambayata, alhali shekara goma sha biyu ke nan ni ke wanke wa kulob kaya. Duk wasa sai an kawo min buhu biyu, kuma ba sai na je fili ba nake sanin wanda ya yi aiki. Ɗan gaban nan mai lamba tara, wanda suke wa kirari har murya ta dishe, ni Turare nake ce masa. Rigarsa na dawowa a bushe tana ƙamshi, in na so sai in ninke ta in mayar ba wanda zai gane. Golanmu wandonsa ko ɗigon ciyawa babu, ka ce a ofis yake aiki. Lamba takwas kuwa cingam nake ɓanɓarewa daga safarsa.

Mutum ɗaya ne kayansa ke ba ni wahala, kyaftin, mai lamba huɗu, wanda ke tsaye a gurbinka na da. Katanga suke kiransa. Rigarsa sai na matse ta kafin in jiƙa. Mako biyar ke nan kuma safarsa ta hagu tana zuwa a sandare da jini wajen idon sahu, wani lokacin har da guntun bandeji a maƙale. Sai na jiƙa ta daban da ruwan sanyi. Ban san me ke damunsa ba, ban kuma gaya wa kowa ba sai kai.

Ka gaida Anti, ka ce mata zanin ya yi min daidai. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya yara da makaranta? Mu lafiyar jiki ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma ni na jawo.

Ranar Lahadi an sake cin mu biyu da nema. Ƙwallo ta biyu ta gefen Katanga ta bi, ɗan gabansu ya wuce shi da gudu. Litinin da rana surukinka ya shigo shagona cin abinci, ya zauna a kan kujerar guga, yana ci yana zagi. Wai Katanga tsohon jaki ne, wai yana gudu kamar mai ɗauke da katifa, wai don yana ɗan gidan Baba Agogo ne ake sa shi. Ina tsaye a bakin baho, safar tana hannuna, ban ko jiƙa ta ba. Na daure, na daure, har ya ce irin su Katanga albashi kawai suke jira. Sai na jefa masa ita a gaban faranti, na ce, "Ga albashin nan, duba. Da wannan ƙafar yake muku gudun da kuke rainawa."

Ya tsame hannu daga abinci. Ya ɗauki safar da yatsa biyu yana juyawa. Wallahi, Yaya, na zaci kunya ce ta kama shi, har na ji tausayinsa. Shekara ashirin da aure, ashe har yanzu ban gama sanin mutumin nan ba. Na juya ina shanya, ya tashi ya fita. Sai da yamma ina haɗa kaya na ga safa guda ba ta. Na tambaye shi ya ce bai gani ba.

Asabar da safe ina guga, rediyo na kunne, aka shiga shirin wasanni. Sai na ji muryar mijina. Ya yi gyaran murya irin ta manya, ya ce shi a matsayinsa na shugaban magoya baya ya zo da hujja a leda. Ya ce koci mugu ne marar imani, yana sa mai rauni wasa don ya rufe gazawarsa, kuma ga safar kyaftin nan jina-jina. Mai gabatarwa ya tambaye shi inda ya samo ta, ya ce, "Daga wata majiya mai tushe." Majiya mai tushe! Duk garin nan majiya nawa ce ke taɓa safar 'yan wasa? Dutsen guga na hannuna har na ƙona wuyan rigar wani bawan Allah.

Kafin azahar hoton safar ya shiga kowace waya. Ya dawo majalisa ta miƙe masa tsaye, ana ta Ciyaman, Ciyaman. Mutumin da ya ce wa Katanga jaki ranar Litinin, ranar Asabar har da share ƙwalla, wai yaronmu, wai gwarzonmu, za su kashe mana shi. Mai Faci da 'yan ɓangarensa ma sun sauya sheƙa, kowa na so a ce da shi aka yi. Na leƙa na ce ya zo ina da magana, ya ce min, "Ke harkar ƙwallo ce, ba ki gane ba." Ni da na san lambar takalmin kowane ɗan wasa, ni ce ban gane ba. Shi da ke ce wa bugun kusurwa fenariti in ya rikice, shi ya gane.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Ka sa ni a addu'a. Inna ba ta sani ba, kada ka ambata in kun yi waya.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Na samu amsarka, na kuma karanta faɗan da ka yi min har sau biyu. Ban ji haushi ba, gaskiya ka faɗa. Ina fatan kuna lafiya, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

Kwana uku bayan shirin rediyon, magoya baya suka yi cincirindo a ƙofar filin atisaye da kwalaye. Rabin rubutun ma ba daidai ba, surukinka ne ya rubuta da fentin fanka. Shugabannin kulob, waɗanda dama wuya suke nema su rataya wa laifi, suka sallami Baba Agogo kafin la'asar. Aka kira likita ya duba Katanga, ya ce ciwon ya ci ƙashi, sai an yi aiki. Maimakon aikin, takarda suka miƙa masa, wai ya ɓoye rauni, ya saɓa ƙa'idar kwantiragi. Washegari sakataren kulob ya aiko a kwashe buhunansu daga shagona, jiƙaƙƙu da busassu, ya ce ba sa hulɗa da mai fitar da sirri. Shekara goma sha biyu, ko gaisuwa bai haɗo da ita ba.

Ranar Alhamis ina zaune ba aiki, sai ga Baba Agogo da kansa, ya zo karɓar rigar sanyinsa da ta rage a wurina. Na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce in tashi. Ya zauna ya gaya min yadda abin yake. Katanga ne ya same shi tun farkon raunin, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Lokacin da asirin ya tonu, wasa takwas kacal suka rage kakar ta ƙare, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya kammala kaka a cikin 'yan wasa, kulob ke yi masa magani. In shugabanni suka sani da wuri, hanyar yar da shi za su nema, kamar yadda suka yi wa wasu a gabansa. Ga mata, ga 'ya'ya uku. Shi ya sa dattijon ke yawan duba agogo, yana ƙirga mintin da ƙafar za ta iya ɗauka ne kafin ya canza shi.

Ya ce min, "'Yata, ni ma ban ce na yi daidai ba. Na san ina ƙara masa ciwo. Amma ko da ƙafa ɗaya ya fi sauran goman amfani, kuma shi ya zaɓa." Ya ɗauki rigarsa ya fita. Ya bi ta gaban benci, majalisa ta yi masa ihu. Wani ya ce, "Baba, ƙarfe nawa?" aka bushe da dariya. Bai ko waiga ba. Mutumin da ya horar da kai, ya horar da rabin waɗanda suka taɓa ɗaga sunan ƙungiyar nan, shi ne masu tumbin nan ke wa ihu, alhali cikinsu babu wanda ya taɓa buga ƙwallon da aka biya kuɗin kallo.

Yanzu an kawo sabon koci, matashi mai ɗamammiyar kwat. Wannan kam yana ihu, tun daga titi ana jin sa, har tsalle yake yana jifa da gorar ruwa. Majalisa ta ce yauwa, ga koci. Ya ba Turare kyaftin. Wasan farko aka zuba mana huɗu, na biyu uku, duk ta gurbin da Katanga ya bari, hanya ta buɗe kamar titin kasuwa. An ce Turare sau biyu ya taɓa ƙwallo a wasan farko, ɗaya ma bugun fara wasa ne. Ka san me surukinka ya ce? Wai a ba sabon koci lokaci, gini ba ya tashi rana ɗaya. Baba Agogo bai ci albarkacin lokaci ba, mai kwat ne zai ci. Mai Faci kuma ya koma gidansa na jiya, yana cewa dama shi ya faɗa tun farko 'yan wasa ne matsalar.

Na tare surukinka a gida na gaya masa duk abin da dattijon ya faɗa min. Ya saurara yana sakace, ya ce, "To ni na ce ya ɓoye? Gaskiya na fito da ita." Na ce aikina fa? Ya ce dama wankin kulob ba ya da wata riba. Tun ranar nake ajiye masa abinci a tebur in koma ɗaki.

Amma Yaya, duk rainin da nake musu, da na zauna ni kaɗai sai in tuna hannun da ya jefa safar nan. Don in ci gardama da mijina na yi, ba don Katanga ba. In da don shi ne, da na yi shiru kamar yadda ya yi. Ban je gidansa ba, ban da fuskar zuwa.

Gaisuwa ga Anti da yara. Allah ya sa mu ji alheri.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wata biyu ban samu natsuwar zama in rubuta ba. Ya gida, ya Anti, ya gwiwa? Inna na gaishe ka, tana tambaya ko za ka samu hutu bana.

Na san labari ya riga ya iso maka, mun faɗa rukuni na biyu. Wasa takwas na mai kwat, canjaras ɗaya ya samo. Ranar ƙarshe ko jiran busa bai yi ba ya sulale ta ƙofar baya. Turare tuni ya sa hannu a wata ƙungiya, na ji an ce a can ma kirari ake masa, Allah ya ba mai wankinsu sauƙin aiki. Na yi zaton majalisa za ta yi zaman makoki. Ina! Kwana biyu suka yi suna cewa alƙalan wasa ne suka sayar da mu, rana ta uku suka ce shugabanni ne, rana ta huɗu suka koma gardamar ƙwallon ƙasashen waje da suke kallo a talabijin. Yanzu kocin wata ƙungiya da ke bayan teku suke shirin kora daga kan benci. Surukinka ya ce shi dama bai taɓa cewa a kori Baba Agogo ba, gyara kawai ya nema. A gaban mutum ashirin da suka riƙe masa kwali ya faɗa, kuma duk suka gyaɗa kai.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau daban ne. Makon jiya da hantsi ina ɗauraya, sai na ga inuwar mutum a ƙofa. Katanga ne, da sanda. Tsofaffin abokan wasansa da Baba Agogo sun haɗu sun kai shi asibiti an yi aikin, amma likita ya ce ƙwallo kam ta ƙare. Ya rame, sai dai kafaɗun na nan. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Anti kamar yadda ya saba. Na rasa inda zan sa kaina. Na fara magana, kuka ya ci ƙarfina, na ce ni ce, ni na nuna safar.

Ya ce, "Na sani, Anti. Tun ranar na sani." Ya ce ya yi fushi, ya yi wata guda in ya tuna ni sai ya ji abinci ya fita ransa, ba zai ɓoye min ba. Amma ba haƙuri ya zo karɓa ba. Ya zagaya wurare da yawa neman aiki, duk inda ya je sai a ɗauki hoto da shi, a ce Katanga, Katanga, a ce ya dawo wani mako. Masu kantunan nan da ke kiran kansu masoyan ƙungiya, babu wanda ya ce masa ga kujera. Ya ce ya ji na samu wankin wani otal da na wani asibiti, aiki ya min yawa, ko ina neman mai guga? Ya iya, tun yana zaman sansanin 'yan wasa shi ke goge wa kansa. Tsayuwa ce kawai ba zai iya ba.

Yaya, mutumin da filin wasa guda ke miƙe wa tsaye. Na ce masa wannan aikin bai kai shi ba. Ya ce yara uku ba su san wannan ba. A ranar na kira kafinta ya rage tsawon teburin guga, ya ƙera kujera mai majingini da wurin ɗora ƙafa. Washegari ƙarfe bakwai Katanga ya zo. Zanin gado arba'in ya goge kafin azahar, kowanne kamar an ja shi da awo.

Na sa teburin nasa a bakin ƙofa saboda iska. Ban yi don kowa ba, amma daga nan ana ganin benci, daga benci ma ana ganin sa. Ranar farko majalisa ta taru kamar kullum, Mai Faci ya buɗe baki zai fara, ya hango wanda ke zaune, ya tuna yana da taya a shago. Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Yau kwana shida bencin ba kowa, wata mage ce ke kwana a kai.

Surukinka kuwa ba shi da inda za shi, shagonsa ke nan. Kullum da safe dole ya bi ta gaban ƙofata, kuma kullum Katanga sai ya ɗago ya ce, "Ina kwana, Ciyaman." Ba gatse a muryarsa, gaisuwa ce kawai. Shi kuwa sai ya amsa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan makulli, ya shige ya turo ƙofa. Jiya na ji ƙarar guduma daga ciki har la'asar. Matar da ta kawo fankarta tun kafin a fara kaka ta zo ta karɓe ta a gyare, fankar na juyawa.

Na gaya wa Katanga kai ma lamba huɗu ka sa a zamaninka. Ya ce ya sani, yana yaro ya kalle ka, ya ce in gaishe ka sosai. In ka zo hutu ka shigo shago ku gaisa, amma kada ka zo da maganar teburin gasa ko koci, mun hana a nan.

Ka gaida Anti da yara, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta